Kuki na yau, kwanan wata na 1970: inda ƙananan manhajojin burauza ke ɓata lissafi

Mutum ya shiga wani shafi na intanet yanzun nan, ya sa sunansa da kalmar sirri, an buɗe masa. Sai ya danna 'yar manhajar nan da ya liƙa wa burauzarsa (manhajar buɗe shafukan intanet, irin Chrome) don duba kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza, ta ce masa kukin da ke riƙe da shigar tasa ya ƙare tun ranar 21 ga Janairun 1970. Wani kuma shekara ta dubu hamsin da 'yan kai za ta nuna masa. Wani ya ba kuki wa'adin shekara biyar da hannunsa, ya ajiye, da ya dawo sai ya tarar saura wata goma sha uku. Akwai wanda ko kwanan watan ba zai gani ba, sai rubutun Invalid Date, wato kwanan wata mara inganci, a gurbinsa.

Duka waɗannan ana yi musu kuɗin goro, a ce manhajar ce ke ba da ranar ƙarya. Alhali matsaloli ne daban-daban, wasunsu ma babu hannun manhajar a ciki. Kowane kuskure yana da kamanninsa, kuma wanda ya iya karanta kamannin zai gane inda lissafi ya karkace tun kafin ya buɗe layi ɗaya na rubutun manhajar.

Kuki ɗan guntun bayani ne da shafi ke ba burauza ta riƙe masa, ita kuma ta riƙa mayar masa da shi duk lokacin da ka sake neman wani abu a shafin. Da shi ake gane cewa kai ne wanda ya shiga ɗazu. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma ƙa'idar da ta daidaita yadda yake aiki ita ce takardar RFC 6265 da ta fito a 2011. A wannan ƙa'ida, hanya biyu shafi ke da su na faɗin tsawon ran kuki. Ta farko ita ce Expires, inda ake rubuta cikakkiyar rana da wata da shekara da sa'a bisa agogon GMT. Ta biyu ita ce Max-Age, inda ake faɗin adadin sakan da kukin zai rayu daga lokacin da aka karɓe shi. In an turo duka biyun, Max-Age ce ke rinjaye. Shafuka da dama sun saba tura biyun tare saboda tsofaffin samfuran Internet Explorer ba su san Max-Age ba. In kuwa ba a turo ko ɗaya ba, kukin ya zama na zama ɗaya, wato ana sa ran zai tafi idan an rufe burauza.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi: galibi 'yar manhajar ba ta ganin wancan rubutu da shafi ya turo. Burauza ce ke karanta shi, ta mayar da shi lamba, ta adana. Idan manhajar ta nemi jerin kukis ta ƙofar da Chrome ya tanada, chrome.cookies, ko takwararta a Firefox, abin da ake miƙa mata shi ne wani gurbi mai suna expirationDate ɗauke da lamba tsura. Lamba kuwa ba ta zama kwanan wata sai an san abu biyu: da wane ma'auni aka ƙirga ta, kuma daga wace rana aka fara ƙirgar. Mafi yawan ɓarnar daga waɗannan tambayoyi biyu take tasowa.

Sakan ko milisakan

Gurbin expirationDate yana ƙirga sakan ne daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon GMT, wato mafarin lokaci a tsarin gudanar da kwamfuta na Unix. Shi kuma harshen JavaScript, wanda da shi ake rubuta waɗannan manhajoji, daga wannan rana ɗin yake fara ƙirga, amma da milisakan yake yi, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mafari ɗaya, ma'auni biyu. Mai gina manhaja ya karɓi lambar daga burauza, ya miƙa wa JavaScript kai tsaye ba tare da ya ninka ta sau dubu ba, shi ke nan an gama.

Mu ɗauki 1,750,000,000. In sakan ne, ya faɗa ranar 15 ga Yunin 2025. In aka ɗauke shi milisakan, ya koma sakan 1,750,000 kacal, wato kwana ashirin da awa shida da 'yan mintoci. Ɗora kwana ashirin a kan 1 ga Janairun 1970, ka sami 21 ga Janairu. Shi ya sa duk kukin da zai ƙare a 'yan shekarun nan, in an yi wannan kuskure, kusan rana ɗaya suke faɗawa. Wanda zai ƙare gobe da wanda zai ƙare baɗi, tazarar da za a gani tsakaninsu ba ta kai awa tara ba. Don haka duk wanda ya ga jerin kukis sun taru a makon uku na Janairun 1970, ba sai ya yi dogon bincike ba, an manta ninkawa da dubu.

Zan ɗan kare masu gina manhaja a nan, domin tarkon ba su suka haƙa shi ba. A cikin Chrome ɗin nan guda, ƙofar saita ƙararrawa, chrome.alarms, da milisakan take aiki. Ƙofar tarihin shafukan da aka ziyarta ma haka. Sabuwar hanyar sarrafa kukis daga cikin shafi, cookieStore, ita ma milisakan take karɓa a gurbinta na expires. Sai ga chrome.cookies da sakan. Wato burauza ɗaya, kuki ɗaya, ƙofa biyu, kowace da ma'auninta. Wanda ya kwafo misali daga bayanin wannan ƙofa ya dasa a waccan, zai yi kuskure ko da ya ƙware. Ƙari a kan haka, lambar da Chrome ke bayarwa takan zo da ɓurɓushin sakan bayan ɗigo, abin da ke rikita duk manhajar da ke jiran cikakkiyar lamba.

Kuskuren yana da ɗan'uwa da ke tafiya ta baya, kuma shi ya fi damuna. A nan manhajar ce ke rubuta kuki, ta ɗauki lokacin JavaScript na milisakan ta zuba a gurbin da ke jiran sakan. Sakamakon shi ne rana mai nisan sama da shekara dubu hamsin da biyar. A da, irin wannan kan fito fili, kowa ya gani ya san an yi ɓarna. Amma tun daga Chrome 104, wanda ya fito a Agustan 2022, burauzar ba ta barin wa'adin kuki ya wuce kwana 400. Duk ranar da ta zarce haka sai a datse ta zuwa kwana 400, ba gargaɗi, ba saƙon kuskure. To yanzu mai manhaja ya nufi kuki ya yi awa ɗaya, ya yi kuskuren ma'auni, burauza ta datse shekara dubu hamsin zuwa wata goma sha uku, aka sami kwanan wata mai kama da na hankali. Babu wanda zai yi zargin komai. Kukin da aka so ya mutu kafin a tashi daga aiki ya zauna fiye da shekara.

Mafarin ƙirga

Tambaya ta biyu ta fi shafar manhajojin da ke ɗauko kukis daga fayil ko su kwashe su daga wata burauza zuwa wata. Rana ɗaya ce ake kira da shekara dubu biyu da wani abu a kalandar miladiyya, a kira ta da dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu a ta hijira, kuma babu wadda ta yi ƙarya, mafarin ne ya bambanta. Haka burauzoji suke. Chrome a cikin ma'ajiyarsa ta SQLite ba ya bin 1970. Yana ƙirga maikurosakan, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, daga 1 ga Janairun 1601, mafarin da Windows ke amfani da shi. Tsakanin 1601 da 1970 akwai sakan 11,644,473,600. Safari kuwa a fayil ɗinsa na kukis daga 1 ga Janairun 2001 yake farawa, tazarar sakan 978,307,200 daga mafarin Unix.

Kowane mantuwa a nan na da tambarinta. Wanda ya raba lambar Chrome da miliyan amma ya manta cire tazarar 1601, zai ga kukin 2025 ya koma 2394, shekara 369 gaba. Wanda ya karanta lambar Safari kamar ta Unix, zai ga 1994, shekara 31 baya. Wanda kuma ya miƙa wa JavaScript lambar Chrome ɗanye, ba ragi ba rabawa, zai sami Invalid Date, domin JavaScript ba ya karɓar lokacin da ya wuce milisakan 8,640,000,000,000,000, lambar Chrome kuwa ta zarce haka.

Akwai dabara mai sauƙi da ke warware rabin wannan rikici: ƙirga yawan alƙaluman lambar. Ga ranakun zamaninmu, alƙalami goma sakan ne na Unix, goma sha uku milisakan, goma sha shida maikurosakan na Unix, goma sha bakwai kuwa na Chrome ne daga 1601. Tun Satumban 2001 sakan na Unix ya cika alƙalami goma, kuma ba zai kai goma sha ɗaya ba sai shekarar 2286, don haka dabarar za ta daɗe tana aiki.

Kukin da ba shi da rana

Kukin zama ɗaya ba shi da ranar ƙarewa ko kaɗan, amma kowane tsari da yadda yake faɗin "babu". A chrome.cookies gurbin expirationDate ba ya zuwa sam, sai wani gurbi mai suna session da ke cewa eh. A kayan sarrafa burauza irin Puppeteer da Playwright, ana rubuta -1. A tsohon tsarin fayil na Netscape, cookies.txt, wanda kayan sauke bayanai daga intanet irin curl da wget ke karantawa har yau, ana rubuta 0. Manhajar da ba ta tsaya ta tambaya ba, za ta ɗauki kowanne a matsayin lokaci na gaske. Gurbin da babu shi ya haifi Invalid Date. Sifili ya zama tsakar daren 1 ga Janairun 1970. Ɗebe ɗaya ya zama sakan na ƙarshe na 31 ga Disamban 1969. A ƙasashen da agogonsu ke bayan GMT, kamar Amurka, sifilin ma 31 ga Disamban 1969 yake fitowa. Bambancin wannan da kuskuren ma'auni a bayyane yake: ranar farko ta Janairun 1970 ko ta ƙarshe a 1969 alamar kukin zama ɗaya ce da aka yi wa mummunar fahimta, 21 ga wata kuwa alamar mantuwar dubu ce.

In abin ya tsaya a nuni kawai, da sauƙi. Matsalar ita ce a duniyar kukis, ba wa kuki ranar da ta wuce shi ne hanyar goge shi. Haka shafuka ke fitar da mutum: su sake turo kukin da kwanan watan 1970. Saboda haka manhajar da ta ɗauko fayil, ta ga sifili, ta miƙa wa burauza shi a matsayin ranar ƙarewa, umarnin gogewa ta bayar. Mai amfani zai ga saƙon cewa an shigo da kukis lafiya, ya sabunta shafi, ya tarar har yanzu yana waje.

Sunan gurbin ma yana jawo irin wannan. Selenium, wani kayan sarrafa burauza, na kiransa expiry, Puppeteer na kiransa expires, manhajojin burauza na kiransa expirationDate. Fayil ya fito daga wannan ya shiga wancan, ba a ga sunan da ake nema ba, sai a ɗauka babu rana, duk kukis su koma na zama ɗaya. Komai zai yi aiki har sai an rufe burauza.

Ƙananan kurakurai, waɗanda suka fi wuyar kamawa

Kuskuren shekara hamsin yana tona kansa. Na awa ɗaya ko rana ɗaya ne ke shekara ba a gano shi ba.

Babban tushensa bambancin agogo ne. Lambar da ke cikin burauza ba ta da ƙasa, lokaci ne guda ga duniya baki ɗaya. Sai an zo nuna wa mutum ake zaɓar agogon da za a nuna da shi. Manhaja ta nuna da agogon ƙasar mai amfani, kayan binciken Chrome su nuna da GMT, a ga tazarar awa uku, a ce ɗaya ta yi ƙarya, alhali lokaci ɗaya suke faɗa. Wannan ba kuskure ba ne, sai dai rashin rubuta wane agogo ake nufi, kuma ni ina ganin rashin rubutawar kansa aibi ne a manhajar da aikinta ke nan. Kuskuren gaske yana zuwa ne idan manhajar ta nuna da agogo ɗaya ta karanta da wani. Ka buɗe kuki don gyara abin da ke cikinsa, ba ka taɓa kwanan watan ba, ka ajiye, wa'adin ya gusa da awa uku. Ka sake buɗewa ka ajiye, ya ƙara gusawa da uku. Akwatin zaɓar rana da sa'a na HTML ba ya ɗauke da bayanin agogon ƙasa, don haka nauyin juyawar yana kan mai manhaja, hanya biyu, tafiya da dawowa.

JavaScript na da nasa halaye da ke ƙara dagula abin. In ka ba shi kwanan wata zalla, kamar 2025-03-10, yana ɗaukarsa a agogon GMT. In ka haɗa da sa'a ba ka faɗi agogo ba, yana ɗaukarsa a agogon na'urar. Watanni daga sifili yake ƙirga su, Janairu 0, Disamba 11, don haka manhajar da kullum take baya da wata ɗaya cif ta manta ƙara ɗaya ne. Yana da getDate mai ba da ranar wata da getDay mai ba da ranar mako, wanda ya musanya su ba zai taɓa ganin ranar da ta wuce 6 ba. Ga kuma 03/04, wanda a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Ƙasashen da ke matsar da agogo a lokacin bazara su ma suna ƙara awa ɗaya ta ruɗani ga duk wanda ya lissafa tazarar yau ya ɗora ta a kan ranar da ke wata shida gaba.

Wasu manhajoji ba sa bin ƙofar chrome.cookies, suna cusa rubutu ne a cikin shafi su yi aiki da document.cookie. Wannan hanya tana da nakasa biyu. Ta farko, ba ta bayyana ranar ƙarewa ko kaɗan, suna da abin da ke ciki kawai take bayarwa, kuma ba ta ganin kukis masu alamar HttpOnly, wadda ke ɓoye kuki daga JavaScript na cikin shafi. Duk manhajar da ke nuna kwanan wata alhali ta nan kaɗai take karatu, hasashe take yi ko tana tuna abin da ita kanta ta rubuta. Ta biyu, wajen rubutawa dole a tsara ranar yadda ƙa'ida ke so, da sunan wata a harafi. In aka ba da tsarin ISO mai lambobi zalla, irin 2025-03-10, mai karantawar ba zai sami sunan wata ba, ƙa'ida kuma ta ce in an kasa karanta ranar a yi watsi da ita, kukin ya zama na zama ɗaya. Haka nan ƙa'idar ba ta duba bambancin agogo da aka liƙa a ƙarshen rubutun, duk sa'ar da ta gani GMT take ɗauka. Shekara mai alƙalami biyu kuwa, daga 70 zuwa 99 ƙarni na ashirin ne, daga 0 zuwa 69 na ashirin da ɗaya.

Inda manhajar ke da gaskiya

Kaso mai yawa na ƙorafin da ake kai wa masu waɗannan manhajoji ba nasu ba ne. Iyakar kwana 400 ita ce kan gaba. Shafi ya ce shekara biyu, kamar yadda kukin _ga na Google Analytics ke zuwa a tsarinsa na asali, Chrome ya mayar da shi kwana 400, manhajar ta nuna abin da ke ajiye. Da farko dokar ba ta taɓa tsofaffin kukis ba, sai a Chrome 119, ƙarshen 2023, aka bi waɗanda ke ajiye tun da aka datse su. Safari ya riga kowa tsanantawa: a farkon 2019 tsarinsa na hana bibiya ya taƙaita kukis da aka rubuta ta document.cookie zuwa kwana bakwai, daga baya a wannan shekarar ya rage zuwa kwana ɗaya ga wanda ya iso shafi ta mahaɗin da wani mai bibiya ya liƙa wa alama. Ra'ayina shi ne waɗannan iyakoki alheri ne. An yi zamanin da kukin Google ke ɗauke da ranar ƙarewa ta 2038, sai a 2007 kamfanin ya sanar da rage shi zuwa shekara biyu. Abin da nake zargi shi ne shirun: burauza ta canza abin da aka ba ta ba ta faɗa ba, manhajar ita ma ta ce an ajiye ba ta duba me aka ajiye ba.

Sannan Chrome yana gyara Expires idan agogon uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, da na na'urarka ba su zo ɗaya ba. Yana duba lokacin da uwar garken ta ce shi ne yanzu, ya auna tazarar, ya ɗora ta a kan agogonka. Ranar da ke ajiye tana iya bambanta da wadda shafi ya rubuta, kuma hakan daidai ne. Shafuka da yawa kuma suna sabunta kukinsu a kowace ziyara, don haka ranar da ka gani jiya ba ita za ka gani yau ba.

Akwai kuma kukis masu suna ɗaya. Burauza ba da suna kaɗai take bambanta kuki ba, tana haɗawa da adireshin shafi da sashen da kukin ya shafa, da ma'ajiyar da yake ciki, ta yau da kullum ko ta ɓoyayyen zama. Kuki biyu na iya zama da suna ɗaya da ranaku daban. Manhajar da ta gyara kukin da ke na adireshi ɗaya tak, amma ta cika gurbin domain wajen ajiyewa, sabon kuki ta haifa a gefen tsohon. Mai amfani ya canza rana, ya duba, ya ga tsohuwar tana nan, ya ce gyaran bai kama ba.

A ƙarshe dai, ranar ƙarewa iyaka ce ta sama, ba alkawari ba. Burauza na iya korar kuki kafin lokacinsa in sun yi yawa. Chrome na tsayawa a 180 ga kowane shafi. Ta ɗaya ɓangaren, kukin zama ɗaya na iya tsallake rufe burauza in an kunna zaɓin ci gaba daga inda aka tsaya. Kuma ƙara wa kukin shiga wa'adi ba ya ƙara wa shigar kanta rai, domin uwar garke na da nata lissafin. In ta ce zaman ya ƙare, kuki mai sauran shekara ba zai buɗe komai ba.

Abin da ke cikin haɗari

Me ya sa za a damu da wannan har haka? Domin waɗannan manhajoji ba kallo kawai suke yi ba. An ba su izinin karanta da rubuta mabuɗan shigarka a shafuka. Manhajar tsaftacewa da ke goge kukis "da suka ƙare", in ta kwatanta sakan da milisakan, kowane kuki zai zame mata wanda ya ƙare tun 1970, ta share su duka. Wadda ta juya kuskuren ba za ta taɓa goge ko ɗaya ba, mai ita kuma yana zaune da tunanin ana kare masa sirri. Manhajar gyara da ke cika akwatin rana da kanta idan ta ga babu komai, tana mayar da kukin zama ɗaya mai ɗorewa, kuma a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita wannan na nufin na bayanka zai tarar da asusunka a buɗe.

Masu binciken bin dokar sirri ma da irin waɗannan kayan suke auna shafuka. Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sa wata 13 a matsayin iyakar ran kukis na ƙirga masu ziyara da ake yafe wa neman izini. Mai bincike da ya dogara da abin da Chrome ya ajiye ba zai taɓa ganin kukin da ya wuce kwana 400 ba, ko da shafin shekara goma ya nema. Wanda ke son sanin abin da shafi ya nema, dole ya duba saƙon Set-Cookie, wato umarnin ajiye kuki da shafin ya turo, ba ma'ajiyar burauza ba.

Akwai lamba ɗaya da ke fitowa sau biyu a wannan fage, 2,147,483,647, mafi girman abin da gurbi mai bit 32 mai alama ke ɗauka. A sakan, ta faɗa 19 ga Janairun 2038, kuma tsofaffin kayan aiki da ke karanta fayilolin kukis da irin wannan gurbi suna juya duk ranar da ta wuce nan zuwa baya, ƙirgar ta sake farawa daga 1901. A milisakan kuwa, kusan kwana 25 ne, kuma ita ce iyakar setTimeout, hanyar da JavaScript ke jinkirta aiki zuwa wani lokaci. Manhajar da ta ce a goge kuki bayan kwana talatin ta wannan hanya, nan take za a goge shi.

Ga mai amfani, matakin farko shi ne ya nemi shaida ta biyu. A Chrome ko Edge a danna F12, a shiga sashen Application, a buɗe jerin kukis. A Firefox sashen Storage ne. Abin da ke nan shi ne abin da burauza ta ajiye. In ya yi daidai da na manhajar bayan an cire bambancin agogo, manhajar ba ta da laifi, sai a koma kan dokar burauza ko halin shafin. In ya saɓa, a duba girman saɓanin: awanni, agogo ne, wata ɗaya cif, ƙirgar watanni ce, Janairun 1970, ma'auni ne ko kukin zama ɗaya, ɗaruruwan shekaru, mafari ne. Kuma har sai an gyara, kada a danna ajiyewa a manhajar da ke nuna ranar da ba daidai ba, domin abin da take nunawa shi za ta rubuta.

Ga mai ginawa, abu uku nake ganin ba su da makawa. Ya riƙe lambar asali yadda burauza ta ba shi, kada ya sake gina ta daga rubutun da ke kan allo sai in mutum ya taɓa akwatin ranar da gangan. Ya duba gurbin session kafin ya taɓa kowane lissafi. Sannan bayan kowace ajiya ya karanta kukin da burauza ta dawo masa da shi, ya kwatanta da abin da ya tura, in an datse ya faɗa wa mai amfani a fili cewa ya nemi shekara biyar an ba shi kwana 400. Gwajin ma kada ya tsaya a na'urar da agogonta ke kan GMT, domin a can kuskuren agogo ba ya nuna kansa sam.

Wanda zai kai rahoton matsala ga masu manhaja, ya haɗa da sunan burauza da lambar samfurinta, da tazarar agogonsa daga GMT, da ranar da manhajar ta nuna, da wadda kayan binciken burauza suka nuna. In zai ɗauki hoton allo, ya rufe gurbin abin da ke cikin kukin tukuna, domin duk wanda ya kwafe wannan rubutu zai iya shiga asusun ba tare da kalmar sirri ba muddin zaman bai ƙare ba.